Akwatuna Masu Laya

Malamar lakwal ce ni, ko in ce na taɓa zama. Shekara goma sha ɗaya ina koyarwa a wani ƙauye gabas da Geskeru, har ranar da aka ce a rufe makarantar saboda harin ƴan bindiga, kowa ya yi ta kansa. Ƴar kwantaragi ce ni, saboda haka da aka rufe ajin sai aka rufe har da ni. Na kwaso yarana huɗu da tukwanena na dawo Diffa, gidan da marigayi mijina ya bari rabi gini rabi fili.

A wannan filin na fara renon irin tattasai. Lokacin manoman bakin kogin Komadugu ba sa kwana a gonakinsu, da hantsi ake barinsu su shiga, kafin la'asar kowa ya fito. Iri kuwa jariri ne, safe da yamma yake son ruwa. Sai na ga ƙofa: ni in rena a cikin gari, in ya isa dashe in aika musu. Abin da ya hana ni sakat shi ne mazubi. Kwali yana jiƙewa ya yage, buhu yana murƙushe tsiron, kwando kuma tafiya biyu ya yi ya zube.

Wata rana na je shagon wani Alhaji mai sayar da tsofaffin kayan mota, sai na ga akwatunan roba masu ruwan toka jibge a bayan shagon, awaki suna hawa suna sauka. Masu kauri ne, suna hawa kan juna daram ba tare da na sama ya danne abin da ke cikin na ƙasa ba. Na ɗauki guda talatin a ranar. A gefen kowanne akwai wani baƙin abu shafaffe, bai kai kwalin ashana faɗi ba, an manne shi da ƙusa biyu, an rubuta lamba a kansa.

Na tambayi Alhaji ko mene ne. Ya ce shi ma a Kwatano, can bakin teku, aka gaya masa. Wai akwatunan na masana'antar haɗa motoci ne a can ƙasashen Turawa. Masu ƙera ƙananan kaya, wannan ƙusoshi, wancan fitilu, su ke zuba kayansu a ciki su aika wa babbar masana'anta, a juye, akwati ya koma wurin mai shi a sake cikawa. Baƙin abin nan shi ke sa a san inda kowane akwati ya kwana, domin akwai na'ura a bakin ƙofa da ke karanta shi duk lokacin da ya shiga ko ya fita, ba mai ɗaukar biro. In akwati ya tsufa sai a sayar, a cika shi da tsofaffin kaya, ya biyo jirgin ruwa.

Matan unguwarmu da suka gani suka sa masa suna laya, sunan kuma ya bi shi.

Ni dai lambar ce ta burge ni. Wanda ya yi shekara goma sha ɗaya yana kiran suna a aji ba ya ganin lamba ya wuce. Na samo tsohon littafin kiran suna, duk manomin da akwati ya tafi wurinsa in rubuta lambar a gaban sunansa, in ya dawo in soke. Ko ɗaya bai taɓa ɓata mini ba. Har alfahari nake, ina cewa abin da Bature ke yi da na'ura ni da jan biro nake yinsa.

Mai kai mini kayan wani dattijo ne da muke kira Baba direba. Daga hayin kogi ya gudo, ɓangaren Najeriya, shi da matarsa da wata tsohuwar mota a-kori-kura, wadda ita kaɗai ya tsira da ita. Suna zaune a wata rumfa bayan gidana. Mutum ne marar yawan magana, in ya ce maka kalma biyar a yini to ranar yana cikin nishaɗi. Ranar da ya fara loda akwatunan ya shafa layar da yatsa, ya ce, “Malama, a cire wannan abin.”

Na ce, “Saboda me, Baba?”

Ya ce, “Hanya ba ta son abin da ba a san shi ba.”

Na yi dariya. Na ce masa roba ce kawai, in an cire da me zan gane akwatuna? Ya ɗaure lodinsa ya tafi. Wannan dariyar har yau in na tuna ta sai in ji kunya ta rufe ni.

Mun yi wata biyu lafiya. Ran wata Litinin cikin damina ya ɗauki akwati ashirin da huɗu zai kai wa manoman wajen Geskeru. Wajen azahar sai ga matarsa ta faɗo gidana ba ko sallama, mayafi a hannu. Wani mai mota ya gaya mata an tsare Baba a shingen da ke kan hanyar gabas. An canja masu tsaron wurin, sababbin sun sauke lodin, sun ga layun, sun ce na'ura ce ta aika wa ƴan bindigar daji labari.

Kowa a Diffa ya san abin da ke biyo bayan irin wannan zargi. Ana tara waɗanda aka kama a kai su Yamai, kuma wanda aka kai, iyalinsa su yi shekara biyu ko uku ba su ji ɗuriyarsa ba, ko da daga baya za a ce ba shi da laifi. Balle baƙo, ɗan gudun hijira, wanda ba shi da kowa a gari.

Na ce mata, “Iya, zauna nan wurin yara. Akwatunan nawa ne, ni zan je.”

Na ɗauki ɗaya daga cikin shidan da suka rage, na sa littafina da wuƙar yanka albasa a ciki. An hana hawa babur a lokacin, sai da na jira motar haya, ta sauke ni nesa da shingen na ƙarasa a ƙafa, akwati a ka, hannuwana a sarari yadda ake so.

Wani sarja ne ya tare ni. Ga motar Baba can gefe a rana, akwatuna a ƙasa, tsiron ya fara sunkuyar da kai. Na yi bayani tiryan-tiryan, na buɗe littafi na nuna masa lambobi da sunaye. Ya duba ya ce, “Wato har rubuta sunayen waɗanda kike raba wa kike yi.” Nan raina ya ɓaci. Ina da saurin fushi, mijina ya sha faɗa mini, ɗalibaina kuwa sun fi kowa sani. Na ce masa in ba ya gane roba in ya gan ta, bari in nuna masa. Na zaro wuƙa na ɓamɓare layar akwatin da na zo da shi, na tsaga ta biyu a gabansa.

Na ɗauka roba zan gani har ciki. Sai ga wani siririn ƙarfe mai walƙiya, an lanƙwasa shi zube-zube kamar zanen lalle, da ɗan ɗigo baƙi a tsakiya.

Sarjan ya karɓa a hankali ya ɗaga wa rana, ya kira abokan aikinsa. Ya ce, “Madan, kin ce roba ce. Wannan waya ce ko ba waya ba?” Da hannuna na ƙara wa Baba laifi. Ya ce in bar wurin tun bai haɗa da ni ba, kuma in sani ranar Alhamis da safe mota za ta tashi zuwa Yamai.

A hanyar dawowa ban yi kuka ba, lissafin kwana nake. Talata da Laraba ke gare ni. Na yi wa kaina alkawari ko zan yini a tsaye a ƙofar kowane ofis na garin nan, Baba ba zai hau motar nan ba.

Da sassafe na je wurin Alhaji. Na ce ya zo ya faɗa musu abin da ya faɗa mini. Ya miƙe ya rufe ƙofar shagon rabi, ya rage murya. “Malama, ki rufa mini asiri. In na je, ce za su yi ni ke shigo da su. Ina da iyali.” Na gaya masa maganganun da ba zan rubuta a nan ba. Ya haɗiye, bai rama ba. Da na juya zan fita sai ya ce in dakata. Wai akwai wata ƙungiyar agaji da ke da mangaza, wato ɗakin ajiyar kaya, a hanyar filin jirgi, ya taɓa ganin irin layun nan a jikin akwatunan maganinsu, ya kuma ga mai mangazar yana bin su da wata na'ura a hannu.

Da na isa can, mai gadi ya hana ni shiga, ya ce ba ranar rabo ba ce. Na ce ba karɓa na zo yi ba. Na zauna a kan akwatina a bakin ƙofa har rana ta take, duk motar da ta fito in miƙe, har ya gaji da ganina ya shiga ya kira mai mangazar.

Wani mutumin Damagaram ne, mai furfura a gemu, da tabarau rataye a wuya. Ya karɓi rabin layar da ya rage a hannuna, ya juya ta, ya yi murmushi. Ya shigar da ni ya nuna mini akwatunan sanyi da suke aika magani da su sansanonin ƴan gudun hijira, a juye a dawo musu da su. Kowanne da layarsa.

Ya ce, “Hajiya, wannan abin ba shi da batir, ba shi da wuta ko kaɗan. Kurma ne, bebe ne, sai in na'urar nan ta kira shi. Ita ke aika masa ɗan ƙarfi ta iska, da shi yake amsawa, kuma lambarsa kaɗai ya sani. In kin matsa da shi ƴan taku, shi ke nan, ko kiran ba ya ji.”

Na ce, “To tashi mu je ka faɗa musu.”

Ya ce ba ya iya fitar da na'urar daga mangaza sai da sa hannun shugabarsu, ita kuma ta tafi wajen Bosso, sai gobe in hanya ta yi kyau. Na roƙe shi, na yi masa faɗa, na sake roƙo. Ya ce in ya fita da ita ba takarda, a shingen farko za a tsare shi, mu zama muna neman mutum biyu. Gaskiya ya faɗa, shi ya sa ta fi ba ni haushi.

Na koma gida na tarar da Iya ta yi wa yarana tuwo, ta yi musu wanka, ta share tsakar gida har inda ba a sharewa. Ba ta tambaye ni kome ba, fuskata kawai ta duba. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Laraba tun kafin a buɗe ƙofa ina wurin. Shugabar ba ta iso ba sai bayan azahar, ta sauko daga mota a gajiye, takalmanta duk laka. Ban bari ta kai ofis ba. Na tare ta da faransancin aji, wanda na yi shekara biyu ban taɓa ba, na faɗi abin da ke tafe da ni a jimla huɗu, don na yini ina tsara su. Ta dubi mai mangazar, ya gyaɗa kai. Ta ce ƙungiyarsu ba ta shiga tsakanin jami'an tsaro da waɗanda suka kama. Na ce ban ce ta shiga ba, aron na'ura nake na awa biyu, da mutumin da ya iya ta. Sai ta ce a kawo takarda.

Sai a mota na lura da siffar na'urar: tana da mariƙi da ɗan maɓalli a ƙarƙashin yatsa, sak ƙaramar bindiga. Na ce wa mai mangazar, “Malam, in ka fito da wannan a hannu a shingen can, ba za mu kai ga bayani ba.” Muka sa ta cikin akwatina muka rufe da ɗankwali, muka shirya su za su ɗauko da kansu.

Wannan karon na ce babbansu nake son gani. Sarjan ya so ya kore ni, amma takarda mai hatimi ta sa ya shiga ya kira shi. Ajidan ne, dogo, idanunsa sun yi ja don rashin barci. Ya saurari mai mangazar har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce, “Wata uku da suka wuce na rasa mutum biyu a hanyar nan, saboda wani abu da bai fi wannan girma ba. Kada ku ce mini in yarda da baki.” Ban ga laifinsa ba.

Shi ya ɗauko na'urar da hannunsa. Mai mangazar ya nuna masa inda zai danna. Ya nufi tulin akwatunan ya danna, sai ta hau ƙara ƙit-ƙit-ƙit, lambobi suka jero a fuskarta, ashirin da huɗu cif. Sojojin suka ja da baya. Sarjan ya ce, “Ga shi nan, suna magana!”

Na ce, “Ranka ya daɗe, suna amsawa dai. Ka ba ni izini in nuna maka iyakar muryarsu.”

Muka koma gindin wata aduwa nesa da motar. Na ɗauki akwati ɗaya daga cikin nasu, ba nawa ba, na aza a ka, na juya layar tana kallonsa. Na ce ya danna kada ya saki. Na fara ja da baya ina ƙirgawa da ƙarfi kamar ina gaban ƴan aji ɗaya. Ɗaya, tana ƙara. Biyu, tana ƙara. Ban gwada ba kafin nan, maganar mai mangazar kawai na riƙe. Biyar, ta fara tsinkewa. A taku na bakwai ta yi tsit.

Na tsaya a wurin, busasshiyar ƙasa tana zubo mini a wuya daga gindin akwatin. Na ce, “Ranka ya daɗe, daga nan zuwa inda kake ba ta iya kai magana. Ta yaya za ta kai hayin kogi?”

Ya sa wani soja ya ɗauki wani akwatin ya yi yadda na yi, sannan wani, sannan wani. Ya sa aka zagaya bayan mota da ɗaya. Ya karɓi littafina ya bi lambobin da ke fuskar na'urar ɗaya bayan ɗaya yana haɗawa da nawa, har ya gano inda na rubuta bakwai kamar ɗaya, ya nuna mini. Sannan ya shiga rumfarsu da waya a kunne.

Mun fi awa muna jira. Tsiron da ke cikin akwatunan ya riga ya ƙone ƙurmus, aikin kwana arba'in, amma ko kallo na biyu ban yi masa ba. Rana ta karkata, mai mangazar yana ta duba agogo saboda dokar hana fita. Ni kuwa ƙofar wani ɗan ɗakin kwano nake kallo.

Da ajidan ya fito, takarda ce a hannunsa. Ya ce an yarda a sake shi, amma a cire layun duka a bar su nan. Na ce ko akwatunan yake so ya riƙe. Ya ɗan yi murmushi, sannan ya dube ni da kyau.

Ya ce, “Madan, ke ce mai kayan nan da gaske?”

Na ce, “Kwana uku ina faɗa.”

Ya ce, “To shi kwana uku yana cewa nasa ne. Ya ce a kasuwa ya saya, ba wanda ya ba shi. Da muka ce masa ga wata mata a waje tana cewa nata ne, ya ce bai san ki ba, wataƙila mai taɓin hankali ce. Da ya ambace ki ranar farko, da mu muka zo gida muka ɗauke ki, kuma da ba ki sami zuwa neman na'ura ba.”

Aka buɗe ɗakin. Baba ya fito yana kare ido da hannu, ba hula, rigarsa ta yi baƙi. Ya gaida ajidan, ya gaida mai mangazar, ya gaida ni kamar mun haɗu a bakin kasuwa. Muka ɓamɓare layun da wuƙata muka tara a gaban sarjan, muka juye matacciyar ƙasar, muka loda akwatunan. Mai mangazar ya shiga motarsu ya yi gaba.

Na zauna a gaba kusa da Baba. Duk tsawon kwanakin nan ina ganin ni ce mai ceto, har na tanadi abin da zan ce masa in ba shi haƙuri. Da na buɗe baki sai faɗa ya fito.

“Baba, me ya sa ka ce ba ka san ni ba? Da ka faɗi gaskiya ai da tuni sun san ba naka ba ne. Saura kwana ɗaya fa a tafi da kai!”

Ya ce, “Malama, in an tafi da ni, tsohuwata ta saba, ta san inda ake bin layin abinci. In an tafi da ke, wa zai buɗe wa yaran nan ƙofa?”

Ya zaro makulli daga aljihu, ya kai shi sau uku bai shiga ba. Na juyar da fuskata wajen taga har motar ta tashi.